Neman Kuɗin Bincike a Kimiyyar Lafiya: Inda Kuɗin Yake da Wanda Zai Taimaka a Rubuta Takardar

A shekarar 1995 Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta rage wa Katalin Karikó matsayi, bayan ta shafe shekaru tana aika takardun neman tallafi ba ta samu wanda zai riƙe aikinta ba. Abin da take son bincikawa shi ne yadda za a mayar da sinadarin mRNA, wato saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa kafin ta ƙera furotin, ya zama magani. Shekaru goma bayan haka, a 2005, ita da abokin aikinta Drew Weissman suka wallafa sakamakon da ya nuna yadda za a gyara wannan sinadari don kada garkuwar jiki ta yi masa bore, kuma a kan wannan tubali aka gina biyu daga cikin alluran rigakafin korona. A 2023 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Masu ba da labarin sun fi son su tsaya a kan ƙarshensa mai daɗi, amma ni tsakiyarsa ce ta fi damuna, domin ina tunanin yawan masu tambayoyi masu nauyi irin tata da suka tattara nasu ya nasu suka bar ɗakin gwaji, saboda babu wanda ya nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa, balle abin da za su faɗa idan an buɗe musu.

Binciken lafiya yana cin kuɗi ta hanyoyin da na waje ba ya gani. Masanin lissafi na iya yin nisa da alƙalami da takarda, amma mai nazarin ƙwayar cutar tarin fuka yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsauraran matakan kariya, da sinadarai masu wa'adin lalacewa, da firiza mai riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana, wadda idan ta tsaya ba a lura ba, samfuran jinin da aka yi shekara uku ana tarawa za su iya tashi a banza. Ga alawus ɗin ɗaliban digiri na uku da albashin ma'aikata, ga kula da dabbobin gwaji, ga ɗawainiyar marasa lafiyar da suka yarda a yi nazari da su. Jami'o'i ƙalilan ne ke ɗaukar wannan nauyi duka daga aljihunsu. Abin da aka saba shi ne jami'a ta ba mai bincike ɗaki da muƙami, shi kuma ya fita ya nemo kuɗin aikin, a wasu wuraren har da wani kaso na albashinsa. Ta haka rubuta takardar neman tallafi ta zama rabin sana'ar masanin kimiyya, duk da cewa ba a cika koyar da ita a aji ba. Wani nazari da aka yi a Ostireliya ya ƙiyasta cewa a zagayen 2012 kaɗai masu bincike sun kashe kimanin shekarun aiki 550 wajen shirya takardu 3,727 domin hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato kusan kwanakin aiki 34 a kan kowace takarda, alhali kusan ɗaya cikin biyar ce kawai ta tsallake.

Mafi girman mai ba da irin wannan kuɗi a cikin hukumomin gwamnati ita ce NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, mai hedikwata a Bethesda, wadda ta ƙunshi cibiyoyi 27 kuma kasafinta a 'yan shekarun nan ya kai kimanin dala biliyan 47 a shekara. Kowace cibiya a cikinta tana da fagenta, wata cutar kansa, wata cututtuka masu yaɗuwa, wata zuciya da huhu da jini, kuma kowace da nata kason da nata ma'aunin. A Birtaniya akwai majalisar binciken lafiya ta MRC wadda tarihinta ya faro tun 1913. Tarayyar Turai tana da shirin Horizon Europe na 2021 zuwa 2027 mai kimanin yuro biliyan 95, kuma a ƙarƙashinsa ne majalisar binciken Turai ta ERC, wadda aka kafa a 2007, take ba matashin mai bincike har yuro miliyan ɗaya da rabi na shekara biyar. Jamus da Kanada da Ostireliya da sauran ƙasashe da dama duk suna da irin nasu asusun.

Daga nan sai gidauniyoyi masu zaman kansu, waɗanda suka fi gwamnatoci 'yancin zaɓar abin da suke so. Gidauniyar Wellcome ta Landan, da aka kafa a 1936 bisa wasiyyar Henry Wellcome, ta sanar a 2022 cewa za ta kashe fam biliyan 16 cikin shekara goma, kuma bayan binciken gano sababbin ilimi ta ware fannoni uku da ta fi mayar da hankali a kai: lafiyar ƙwaƙwalwa, cututtuka masu yaɗuwa, da tasirin sauyin yanayi ga lafiya. Gidauniyar Gates ta yi suna da wani shiri da ta fara rabon kuɗinsa a 2008, inda a lokacin takarda mai shafi biyu kacal kan samo dala 100,000, kuma masu tantancewa ba sa ganin sunan mai nema. Cibiyar Howard Hughes kuwa mutum take zaɓa ta ɗauki nauyinsa na shekaru, ta bar shi ya bi tambayarsa duk inda ta kai shi. Akwai kuma hanyoyin da aka buɗe musamman domin masu bincike a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, saboda tun 1990 wani kwamitin duniya ya nuna cewa kaso ƙalilan ne na kuɗin binciken lafiya ke zuwa ga cututtukan da suka fi addabar mafi yawan bil'adama. Daga cikinsu akwai cibiyar Fogarty ta NIH da aka kafa a 1968, da shirin TDR na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke zaune a Hukumar Lafiya ta Duniya, da ƙawancen EDCTP na Turai da Afirka kan gwajin magunguna wanda ya fara a 2003, a baya kuma an yi shirin H3Africa na nazarin ƙwayoyin gado wanda NIH da Wellcome suka haɗa hannu a kansa.

Lissafa waɗannan sunaye shi ne abu mafi sauƙi a cikin al'amarin. Abin da ya fi wuya, kuma wanda na ga ya fi kayar da sababbin shiga, shi ne fahimtar cewa kowane mai ba da tallafi yana da tasa buƙatar. Hukumar gwamnati za ta koma gaban majalisar dokoki ta bayyana abin da ta yi da kuɗin haraji, gidauniya kuma tana da kwamitin amintattu da manufar da aka kafa ta a kai. Takarda mai kyau da aka kai inda ba a nemanta daidai take da wadda ba a rubuta ba. Saboda haka aikin farko karatu ne: a karanta sanarwar kiran daga farko har ƙarshe, a duba wanda ya cancanci nema, da ƙasashen da aka yarda da su, da matakin aikin da ake so mai nema ya kai, da abubuwan da aka ce ba za a biya ba. Bayan haka sai a duba abin da mai tallafin ya riga ya biya, domin a nan ne ake gane ɗanɗanonsa na gaskiya. NIH tana da rumbun bayanai a intanet mai suna RePORTER wanda kowa zai iya shiga kyauta, ya rubuta sunan cutar da yake nazari, ya ga waɗanda aka ba kuɗi, da nawa aka ba su, da cibiyar da ta biya, da taƙaitaccen bayanin aikinsu. Awa biyu a cikin wannan rumbu kan ceci mutum daga wata biyu na wahalar banza, domin zai iya gano cewa an riga an biya wani ya yi abin da yake shirin nema, ko kuma cewa cibiyar da ya nufa ba ta taɓa taɓa irin aikinsa ba.

Haka kuma ana auna girman tallafi da matakin mai nema. A tsarin NIH babban tallafin da kowa ke hanƙoro shi ne R01, wanda kan ɗauki shekara uku zuwa biyar, amma akwai R21 na gwada sabon tunani, mai shekara biyu da iyakar dala 275,000 na kuɗin aiki, da ƙaramin R03 mai dala 50,000 a shekara, da rukunin da ake kira K wanda ke biyan horon mai bincike a ƙarƙashin jagora har ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya gama digirinsa bara ya tunkari mafi girma kai tsaye yana gogayya ne da mutanen da suka yi shekara ashirin a fagen, ko da yake hukumar tana yin sassauci ga wanda bai wuce shekara goma da kammala karatunsa ba. Matsakaicin shekarun wanda ya samu R01 karon farko ya haura arba'in, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna tsawon matakalar.

Don a gane yadda ake rubuta takardar, sai an leƙa ɗakin da ake yanke mata hukunci. Masu tantancewa ba ma'aikatan hukuma ba ne, masu bincike ne kamar mai nema, kowa da nasa ɗakin gwajin da ɗalibansa da tasa takardar da ke jiran hukunci a wani wuri. A NIH akan ba mutum uku kowace takarda su karanta da kyau, kowannensu yana ɗauke da wasu takardun da dama, kuma sau da yawa da dare ko a ƙarshen mako yake samun sararin karantawa. Suna ba da maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi kowane kyau. Kafin kwamiti ya zauna akan ware kusan rabin takardun da makinsu ya yi ƙasa, ba a ma tattauna su. Waɗanda suka rage kuwa kowace kan samu 'yan mintoci: mai karatu na farko ya gabatar, sauran biyun su ƙara, sannan dukkan mambobin kwamitin su ba da maki, alhali yawancinsu shafin farko kawai suka leƙa. Ma'anar wannan ita ce takardarka tana buƙatar lauya a cikin ɗakin, kuma kai ne za ka sa masa kalmomin da zai kare ka da su a baki. Idan mai karatu na farko ya kasa faɗin abin da kake son yi da dalilin muhimmancinsa cikin jimla biyu, to magana ta ƙare tun ba a kai ga kyawun dabarun gwajinka ba. Tun daga Janairun 2025 hukumar ta taƙaita ma'aunanta zuwa tambayoyi uku: shin binciken yana da muhimmanci, shin an tsara shi da tsauri kuma zai yiwu, shin masu yinsa da wurin da za a yi shi sun isa.

Wannan ne ya sa a takardar R01 shafin manufofi, inda mai nema ke taƙaita abin da yake son yi a shafi ɗaya tak, ya fi sauran shafuka goma sha biyun da ke bayanin tsarin aikin nauyi. Na sha ganin takardar da ta buɗe da cewa zazzaɓin cizon sauro babbar matsala ce da ke kashe dubban ɗaruruwan mutane a kowace shekara, ta ci gaba da haka har sakin layi biyu. Maganar gaskiya ce, amma duk wanda ke cikin kwamitin ya san ta, kuma ya karanta ta sau biyar a daren nan. Takardar da ke kama mai karatu ita ce wadda ta ce, a misali, yara biyu a gida ɗaya kan kamu da ƙwayar cuta iri ɗaya, ɗaya ya warke cikin kwana uku, ɗayan cutar ta haye masa ƙwaƙwalwa, kuma har yanzu likita ba shi da gwajin da zai gaya masa wane ne wane a ranar farko; mu muna zaton wani furotin da muka gani a jinin marasa lafiya ashirin shi ne alamar, kuma ga yadda za mu tabbatar ko mu ƙaryata wannan zato. A cikin 'yan layuka an san giɓin, an san zaton, an san wanda zai amfana. Daga nan sai manufofi biyu ko uku, waɗanda ya kamata su danganci juna amma kada ɗaya ta rataya a wuyan ɗaya, domin idan manufa ta biyu ba za ta yiwu ba sai ta farko ta ba da sakamakon da ake fata, mai tantancewa zai ga cewa gwaji ɗaya na iya rusa aikin shekara biyar. Kuskuren da ya fi yawa a wurin matasa shi ne kwaɗayin yin komai, su zuba aikin shekara goma a takardar shekara uku, suna zaton yawan alkawari zai burge, alhali gogaggen mai karatu rashin sanin wahalar aiki yake gani a ciki.

Sai batun sakamakon share fage, wanda Hausawa suka riga suka yi wa bayani da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai tallafi yana son shaida cewa dabarar tana aiki a hannunka, a ɗakinka, da kayan aikinka, amma samar da wannan shaida kanta kuɗi take buƙata. Hanyar fita daga wannan ƙulli ita ce ƙananan tallafi: na cikin jami'a, na ƙungiyoyin masana, na gidauniyoyin da suka keɓanta ga cuta ɗaya, da na tafiya wani ɗakin gwaji don koyon dabara. Kada a raina su, domin hoto ɗaya mai tsafta daga gwajin farko ya fi shafi uku na alkawari ƙarfi. A cikin bayanin tsarin aikin kuma dole a nuna yadda aka lissafa yawan mutane ko dabbobin da ake buƙata, kuma a nan ne ya kamata a jawo masanin ƙididdiga tun ana tsarawa, ba bayan an gama rubutu ba. Dole a faɗi inda gwajin zai iya cijewa da abin da za a yi idan ya cije, domin mai ɓoye raunin aikinsa yana barin mai tantancewa ne ya gano da kansa, shi kuma idan ya gano ba ya yafewa. Akwai kuma sharuɗɗan da ba a tsallake su: amincewar kwamitin ɗa'a bisa ƙa'idojin da suka samo asali daga sanarwar Helsinki ta 1964 kan bincike da mutane, bayanin yadda za a rage wahalar dabbobi, la'akari da bambancin maza da mata a cikin gwaji wanda NIH ta wajabta tun 2016, da tsarin adana bayanai da raba su wanda ta wajabta a Janairun 2023.

Kasafin kuɗi shi ma hujja ne, domin daga shi mai karatu yake gane ko mai nema ya taɓa yin aikin da hannunsa. Na taɓa duba wa wani abokin aiki takarda mai kyawun tunani a kan tattara samfura daga asibitoci huɗu, amma babu ko layi ɗaya na jigilar samfuran cikin sanyi, babu kuɗin gyaran na'ura, babu albashin wanda zai shigar da bayanai a kwamfuta. Da an ba shi kuɗin a haka, da a wata na shida aikin ya tsaya. Ƙanƙantar da kasafi don a ga mutum mai tattali ne ba ya taimako, kumbura shi kuma yana zubar da yarda. Akwai wani kaso da ake kira kuɗin ɗawainiyar cibiya, wanda ke biyan wuta da ruwa da gini da ma'aikatan kuɗi, kuma kowane mai tallafi da nasa lissafin: Horizon Europe tana ba da kashi 25 cikin ɗari, NIH tana ba cibiyoyin ƙasashen waje kashi 8, manyan jami'o'in Amurka kuwa kan yi ciniki su samu sama da kashi 50. A Fabrairun 2025 NIH ta sanar da rage wannan zuwa kashi 15, jami'o'i da jihohi suka garzaya kotu, alƙali ya dakatar da matakin. A shekarar ce kuma hukumar ta sauya dokokin raba kuɗi da abokan aiki na ƙasashen waje. Dokoki irin waɗannan suna juyawa da siyasa, don haka abin da wani ya gaya maka bara ba ya maye gurbin karanta sanarwar bana.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne a bisa doka ba mutum ake ba tallafin ba, cibiyarsa ake ba. Ita ce ke sa hannu, ita ke karɓar kuɗin, ita za a bincika idan lissafi ya rikice. Kafin a iya aika takarda zuwa NIH sai cibiyar ta yi rajista a wasu shafukan gwamnatin Amurka, aikin da kan ɗauki makonni, kuma mai binciken da ya gano haka ana saura kwana biyar wa'adi ya cika ya riga ya rasa wannan zagayen. Sababbin takardun R01 ana karɓarsu ne a ranakun 5 ga Fabrairu, 5 ga Yuni da 5 ga Oktoba, kuma daga aikawa zuwa fitowar kuɗi kusan wata tara ne ko fiye. Duk wanda kuɗinsa zai ƙare a ƙarshen shekara kuma bai fara rubutu ba sai a tsakiyarta, to ya shirya sallamar ma'aikatansa na ɗan lokaci.

A nan ne maganar taimako ta shigo, kuma ra'ayina a kai shi ne takardar da mutum ɗaya ya rubuta a ɓoye, bai nuna wa kowa ba sai ranar aikawa, da wuya ta yi nasara. Mutum na farko da ya kamata a tuntuɓa shi ne jami'in shiri na wurin mai tallafin, wato ma'aikacin da ke kula da wannan fannin tallafi, wanda sunansa kan zo a ƙarshen sanarwar kiran. Matasa da yawa suna jin nauyin rubuta masa, suna ganin kamar neman alfarma ne, alhali amsa irin waɗannan tambayoyi na cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi. A aika masa gajeren saƙo da daftarin shafin manufofi, a tambaye shi ko aikin ya dace da abin da cibiyarsa ke nema, da kuma wane kwamiti ne ya fi cancanta ya duba shi. Ba zai rubuta maka ba, ba zai yi maka alkawari ba, amma jimla ɗaya daga bakinsa na iya juya akalar aikin gaba ɗaya. Na biyu shi ne ofishin tallafin bincike na cibiyarka, inda ake da masu sanin kasafi da dokoki da rajista. Bambancin da ke tsakanin jami'ar da ke da irin wannan ofishi mai ƙarfi da wadda ba ta da shi yana da girma ƙwarai, kuma yana cikin dalilan da ke sa kuɗi ya riƙa komawa wuraren da ya saba zuwa. Shugabannin jami'o'in da ke kukan malamansu ba sa samo tallafi ya kamata su fara duba wannan ofishi kafin su tuhumi malaman.

Na uku, kuma mafi daraja a wurina, shi ne mai karatu mai gaskiya. Ana buƙatar iri biyu: ƙwararre a fagen wanda zai gano kuskuren kimiyya, da masanin wani fagen na kusa wanda zai nuna inda bayanin ya yi duhu, domin irinsa ne suka fi yawa a kwamitin. Wasu sassan jami'a kan shirya kwamitin gwaji makonni shida kafin wa'adi, inda manyan malamai ke zama su yi wa takardar filla-filla a gaban mai ita, shi kuma ya yi shiru yana rubutawa. Zaman ba shi da daɗi, amma gara a ji sukar daga bakin na gida tun ana iya gyarawa. Wanda ba shi da irin waɗannan mutane kusa da shi yana da wasu hanyoyi. Cibiyar NIH mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ta sanya cikakkun takardun da suka yi nasara a shafinta tare da sharhin masu tantancewa, kuma karanta uku daga cikinsu a natse ya fi taron bita da yawa amfani. Ƙungiyoyin masana suna haɗa matasa da jagorori daga nesa. Wanda aka gayyata ya zauna a kwamitin tantancewa, komai ƙanƙantarsa, ya karɓa, domin babu makarantar da ta kai ganin yadda ake yanke wa takardun wasu hukunci.

Akwai kamfanoni da mutanen da ake biya su taimaka da rubutu, kuma nagari a cikinsu suna gyara tsari da harshe, abin da ke da amfani musamman ga wanda zai rubuta da harshen da ba nasa ba. Amma tunanin dole ya zama na mai binciken, domin shi ne za a tsayar a yi wa tambayoyi, kuma duk wanda ya yi alkawarin tabbacin nasara ko ya nemi kaso daga cikin tallafin a yi nesa da shi. Haka batun manhajojin ƙirƙirarriyar basira yake. Tun 2023 NIH ta hana masu tantancewa zuba takardun mutane a cikinsu saboda sirri, a 2025 kuma ta ce ba za ta ɗauki takardar da irin wannan manhaja ta rubuta mafi yawanta a matsayin aikin mai nema ba, ta kuma iyakance kowane mai bincike ga takardu shida a shekara.

Duk da wannan shiri, tsarin yana da nasa karkata, kuma rashin adalci ne a ɗora wa mai nema laifin komai. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Science a 2011 ya gano cewa baƙaƙen fata masu neman R01 sun fi fararen fata ƙarancin samu da kusan maki 10 cikin ɗari, ko bayan an yi la'akari da karatu da wallafe-wallafe da cibiyar da suke. Masu tantancewa sun iya raba takarda mai kyau da maras kyau, amma a tsakanin masu kyau da masu kyau hukuncinsu kan bambanta daga mutum zuwa mutum, har ta kai hukumar binciken lafiya ta New Zealand ta fara amfani da ƙuri'a a 2013 wajen raba wani rukunin tallafinta a tsakanin takardun da suka cika sharaɗi. Kwamitoci kuma suna da tsoron sabon abu, wanda shi ne ya ci Karikó.

Inda kusan huɗu cikin biyar ake mayarwa, ƙin amincewa shi ne abin da aka fi samu, har ga manyan malamai. Abin da ke raba mutane shi ne abin da suka yi da takardar sharhin da ta biyo baya. Shawarar da na fi bayarwa ita ce a karanta ta sau ɗaya, a ajiye ta mako guda har zuciya ta huce, sannan a dawo da alƙalami a raba sukar gida biyu: wadda ta nuna rauni na gaske a tsarin gwajin, da wadda ta nuna mai karatu bai fahimta ba, wanda shi ma gyaran rubutu yake nema. Daga nan sai a nemi jami'in shiri, domin yakan saurari tattaunawar kwamitin, kuma yana iya faɗin ko matsalar ta gyaruwa ce ko tambayar ce ba ta burge su ba. NIH tana ba da damar sake aikawa sau ɗaya tare da shafi ɗaya na amsa, inda ake nuna abin da aka gyara cikin ladabi ba tare da gardama ba, kuma takardun da aka sake aikawa sun fi sababbi samun nasara. Wani nazari da aka yi a Holan, aka wallafa a 2018, ya bi sawun matasan da makinsu ya kusan zama ɗaya, wasu suka tsallake da ƙyar wasu suka faɗi da ƙyar. Cikin shekara takwas waɗanda suka tsallake sun tara fiye da ninki biyu na kuɗin da sauran suka samu, kuma wani ɓangare na wannan giɓi ya faru ne saboda waɗanda suka faɗi sun daina nema. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin makon da ya biyo bayan ƙin amincewa ne lokacin da matashi ya fi buƙatar jagora, wanda zai zauna da shi su bi sharhin layi bayan layi, su fitar da kalanda su sa ranar da za a sake aikawa.